Hoto Biyu, Leɓe Ɗaya

Jama'a, ku gyara zama. Yau ba kwana-kwana, domin a gurguje nake rubutun nan. In kun ga harafi ya tsallake, ku yi min uzuri.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Auta a gidanmu. Ina aiki a kantin magani, a bayan kanta, daga takwas na safe zuwa huɗu. Shekara ɗaya da rabi ke nan babu wanda ya ga bakina a waje, kullum cikin takunkumi nake. A kantin magani kuwa wa zai tambaye ka dalili? Har yabona ake yi, wai na fi kowa tsafta.

Tsafta ina! Wani tsiro ne ya fito min a leɓen ƙasa, ta gefen hagu. Daga ciki ya fara, ɗan mitsitsi, in taɓa shi da harshe in manta. Sannu a hankali ya leƙo waje, ya kai girman ƙwayar wake, fari-fari, samansa da kaushi. Ba ya ciwo, ba ya jini. Yana nan dai zaune daram, duk wanda ya kalle ni shi yake fara gaisarwa kafin ni.

Likitar baki ta yanki ɗan guntu aka kai gwaji. Ranar da sakamako ya fito, Mama ta riƙe hannuna har sai da zobena ya shata min yatsa.

"Ba ciwon daji ba ne," in ji likitar. "Ba ya yaɗuwa, ba a ɗaukarsa. Amma ba kasafai ake ganinsa ba. Shekarata goma sha huɗu a aikin nan, ke ce ta biyu."

Ta faɗi sunansa, sunan ya fi shi kansa tsiron tsawo. Ta ce aikin cirewa bai kai awa ɗaya ba, sai dai layi da tsawo, sai nan da wata huɗu. Kafin nan, duk wata in tura hoton fuskata zuwa lambar asibitin, su ga ko yana ƙaruwa.

To, ku riƙe maganar hoton nan, za mu dawo kanta.

Wanda ya fara nemana a baya, ranar da ya ga leɓen cewa ya yi bari ya je ya sa wa motarsa mai ya dawo. Har yau yana gidan mai. Tun daga lokacin na rufe babin samari, sai ga Ciwon Kai.

Haka na sa masa a wayata. Mai awon hanya ne, irin waɗanda kuke gani a gefen titi da hular kwano suna leƙen wata na'ura mai ƙafa uku. Kwana bakwai a jere yana zuwa kantinmu sayen maganin ciwon kai. A rana ta bakwai na ce, "Malam, ko dai ka je asibiti ne?"

Ya ce, "Ai ciwon nawa a bayan kanta yake tsaye."

Na yi dariya a cikin takunkumi har ta fito ta idona. Sau biyu ya zo gida gaisuwa, sau biyu na fito masa da takunkumi na ce mura nake. Ana haka aka tura su aikin wata hanya mai nisa, wata huɗu cur, inda ko kiran bidiyo ba ya shiga.

Gwaggo, yayar Baba, wadda take zaune da mu kuma maganarta ce doka a gidan, ta tafa hannu.

"Kin ga ikon Allah? Wata huɗunsa, wata huɗun layi. Kafin ya dawo an cire, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Saura ki buɗe baki ki yi mana ɓarin zance."

Mama ta ce, "Auta, ki ji maganar Gwaggonki. Wannan yaron ɗan mutunci ne, kar mu rasa shi kamar wancan."

Ni ma fa ban so in rasa shi ba. Kar in ɗora wa tsofaffi laifi su kaɗai. Ina son sa, son da ban taɓa yi wa kowa ba.

Sati biyu da tafiyarsa ya turo saƙo: "Na gaji da hira da ido biyu kawai. Ki taimaki bawan Allah da hoto."

Nan Yaya ta shigo. Yayata mai ɗaukar hoto ce, tana da shagonta, shekara tara tana aikin. Yaya ba ta iya ganin ƙurji a fuskar mutum ta ƙyale shi. Ko hoton fasfo ka je ɗauka, sai ta rage maka shekara biyar. Ta ce, "Wannan ai shan ruwa ne. Ɗauka ɗaya za mu yi, mu fitar da biyu. Na kyamara ya tafi wa likita, gyararre ya tafi wa mutuminki."

Ta sa ni na saka doguwar rigata ruwan toka mai duwatsu a wuya, da mayafi kalar madara. Ta ja min gira, ta kunna fitilu uku, ta ce in ɗan karkata kai. Na ce, "Yaya, likita fa za a tura wa." Ta ce, "Ko alƙali za a tura wa, mummunan hoto ba ya fita daga shagona."

Abu biyu ne suka haɗu suka kai ni ƙasa. Na farko, Yaya ba ta tura hoto haka kawai, wai waya tana cinye masa inganci. A fayil take turawa, irin wanda ba ka ganin komai sai lamba, sai ka buɗe. Na biyu, ni ba na kallon fuskata. Madubin ɗakina ma na rataya masa tsohon mayafi daga ƙasa, iya ido da goshi nake gani in zan ɗaura kallabi. Saboda haka da fayil biyu suka shigo, ban buɗe ko ɗaya ba. Na yi lissafi na ce ai wanda aka fara ɗauka shi ne a sama, gyara kuwa daga baya yake zuwa. Na sama na tura wa asibiti, na ƙasa na tura wa Ciwon Kai.

Bayan kamar awa ɗaya ya amsa: "Na gode da kika yarda da ni."

Na rungume waya ina ta murmushi. Wata na biyu muka sake, da riga shuɗiya. Wata na uku, da kore.

Yau Litinin na nemi izini a wajen aiki na tafi asibiti, domin ranar Alhamis ne aikina, shi kuma saura kwana goma sha biyu ya dawo. Lissafin Gwaggo ya tafi daidai, ɗinki zai warke kafin ya iso. Na miƙa katina ga nas ɗin da ke kan tebur. Ta duba kwamfuta, ta dube ni, ta sake duba kwamfuta.

"Ai an cire sunanki."

"Na'am?"

"An ba wata gurbinki tun satin jiya. Ba naki ya baje ba?"

"Mene ne ya baje, Sista?"

"Tsiron mana. Likita ta tafi kwas, ni ta bar wa tattara hotuna. Wata uku a jere leɓenki sumul. Na kira ki sau biyu ba ki ɗauka ba, na rubuta ya baje da kansa. Ɗazu da likita ta dawo har mamaki take, ta ce tana son ganinki da idonta."

Na tuna baƙuwar lambar da na ƙi ɗauka ina bakin aiki. Kafin in ce wani abu ta ja ni zuwa ofishin likitar. Likitar ta miƙe da fara'a.

"Ga mai abin mamaki! Irin wannan ba ya tafiya da kansa, ban taɓa ji ba. Cire mu gani."

Na sauke takunkumin.

Fara'ar ta tsaya mata a fuska. Nas ɗin ta ce, "Innalillahi!" ta dafe ƙirji. Likitar ta sa safar hannu, ta juya leɓen, ta auna.

"Yana nan. Har ya ɗan ƙaru. To wannan hoton wa aka turo mana?"

Ta juyo min da kwamfutar. Ga ni nan, riga ruwan toka, mayafi kalar madara, leɓe sumul kamar na jaririya. Kyakkyawa wallahi. Ni kaina sai da na ƙura mata ido.

Likitar tana magana, tana cewa dole a sake sa ni a layi, mafi kusa sati biyar, tana ba da haƙuri, tana yi min faɗa a lokaci guda. Ni kuwa kunnena ya toshe. Tambaya ɗaya ce take buga min kai: in gyararren ne ya zo asibiti, ɗayan ina ya tafi?

Ban san yadda na fito ba. A kan bencin baranda na zauna, kusa da wani tsoho mai riƙe da kumatu. Na buɗe hirarmu da Ciwon Kai, na haura sama, na danna fayil ɗin farko. Ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, sannan ya buɗe.

Na shiga uku!

Ga shi nan. Fitilun Yaya guda uku sun haske shi tas, har kaushin samansa ana ƙirgawa. Na buɗe na riga shuɗiya, yana nan. Na kore, yana nan, ya fi girma. Wata uku! Wata uku ina fama da takunkumi da ƙaryar mura, ashe da hannuna na kai masa, har sau uku, da inganci mai kyau. Na saki wata ƙara, tsohon nan ya manta da haƙorinsa ya ce, "Yarinya, rasuwa aka yi?"

Shagon Yaya na nufa. Na same ta a gaban kwamfuta tana cike wa wani mutum sanƙo.

"Yaya, in kin turo fayil biyu, wanne ne a sama?"

Ko juyowa ba ta yi ba. "Gyararre mana."

"Gyararre?"

"To da fa? Shi ne aikin. Wa zai fara nuna wa kwastoma ɗanyen hoto? Shekara tara haka nake yi, mai kyau a gaba, na kyamara a baya. Kowa ya sani."

"Ni ban sani ba!"

Sai a lokacin ta juyo. Ta kalli fuskata, ta kalli wayar da na miƙa mata, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Ke Auta! Ba ki buɗewa kafin ki tura?"

"Ke ba ki faɗa kafin ki turo?"

"Wayyo Allah, garin neman gira mun rasa ido!"

Ta rufe shagon da rana tsaka, ta bar mutumin nan da rabin sanƙo, muka yi gida.

A falo muka tarar da su. Mama tana ninke wanki a kan doguwar kujera, Gwaggo tana kan tata kujerar ta kusa da fanka, wadda ko Baba ba ya zama a kai. Yaya ce ta yi bayani. Zanin gadon da ke hannun Mama ya sulale ƙasa.

Gwaggo ta cire tabarau. "Tsaya. Kina nufin yaron ya ga abin?"

"Sau uku, Gwaggo."

"Kuma bai gudu ba?"

"Kullum sai ya kira."

"To ko dai bai buɗe ba ne shi ma? Ko zamanin naku duka ba ku buɗe abu?"

Mama ta ce, "Ko yana jira ne ya dawo ya yanke a gabanmu? Wasu mazan ba sa son yi ta waya."

Na kalli agogon bango, huɗu da rabi saura minti uku. Huɗu da rabi yake tashi daga aiki, ya hau wani tudu inda waya take shiga, ya kira ni. Bai taɓa saɓawa ba. Muka zuba wa wayar ido mu huɗu a kan teburin tsakiya, har ta fara ruri.

"Ɗauki," in ji Gwaggo. "Ki buɗe muryar kowa ya ji. Ki bi da shi a hankali, kar ki yi mana garaje."

Na ɗauka.

"Malamar magani," ya ce, ana jin iska a bayansa. "Saura sha biyu. Ya aiki?"

"Lafiya lau." Na matso da wayar. "Ina da tambaya. Hotunan da nake turo maka, kana buɗewa kuwa?"

Ya yi dariya. "Buɗewa? Na kore ne a fuskar wayata yanzu haka. Abokan aikina har sun gaji da ni."

Yaya ta toshe bakinta da mayafi.

"Kuma... ba ka ga komai ba?"

Da ya amsa, wasan ya fita daga muryarsa.

"Na gani. Tun na farko. Na ga ba ki yi maganar ba, na ce ba zan riga ki ba, sai ranar da kika shirya. Yana miki ciwo?"

"A'a. Likita ta ce ba mugu ba ne. Cirewa za a yi."

"Alhamdulillahi. Wata uku ina son in ji wannan." Ya ja numfashi. "Bari in gaya miki wani abu, tunda kin buɗe zancen. Na san ba mura kike ba, ai mura ba ta wata da watanni. Na ce a raina akwai abin da take rufewa, kuma ni mutum ne da ba na iya zama da rufa-rufa, an taɓa yi min, na sha wuya. Har na fara tunanin in na tafi aikin nan in janye a hankali. Sai ga hotonki. Yayarki mai hoto ce, minti biyu ya ishe ta ta goge shi, na sani. Amma kika turo min haka. Ranar na zauna a kan tudun nan na ce neman aurena ya ƙare."

Na kalli Yaya, Yaya ta kalli ƙasa.

"Na tura wa Hajiyata ma," ya ce. "Kin san abin da ta ce? Ta ce yarinyar da ta nuna maka wannan da kanta, ba abin da za ta ɓoye maka har abada. Ta ce in riƙe ki da hannu biyu."

Har Hajiyarsa! Jama'a, da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Ban san me na ce masa ba, na dai ce ana kirana. Ina kashewa Gwaggo ta miƙe tsaye, ita da take cewa gwiwa ta hana ta sakat.

"Allah mai iko! Kun ga rufin asiri? Mun so mu yi dabara, Allah ya yi wadda ta fi tamu!"

Mama tana share hawaye tana dariya. Yaya ta zube a kan kafet tana cewa, "Ashe kuskurena alheri ne, a riƙa gode min a gidan nan."

Na ce, "Amma ai ba ni na tura ba."

Gwaggo ta juyo. "Wa ya tura? Aljani?"

"Ina nufin ban yi niyya ba. Abin da yake yabona a kai, ban yi shi ba. Gyararren na so in ba shi."

"To wa ya sani? Mu huɗu ne a falon nan. Ke Auta, baki shi ke yanka wuya. Allah ya ba ki a faranti, za ki sa ƙafa ki shure? Ki ja bakinki ki yi shiru, ki karɓi yabonki."

Mama ta kamo hannuna, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ba ƙarya za ki yi ba, 'yata. Shiru kawai za ki yi."

Na ce to. Na shige ɗaki na tura ƙofa.

Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan gadona, ga takunkumi uku da na wanke jiya a rataye jikin ƙusa. Na tsaya a gaban madubi, na janye tsohon mayafin nan. Rabona da ganin fuskata gaba ɗaya har na manta. Na kalli tsiron da kyau. Ƙwayar wake ce dai, ba ta fi haka ba. Mutumin nan wata uku yana kallonta duk sanda ya duba lokaci a wayarsa, bai tsorata ba. Ni ce na kasa.

Kuma sati biyar masu zuwa likita za ta cire wannan. Wancan fa da Gwaggo ta ce in haɗiye, wa zai cire min shi? Duk ranar da Hajiyarsa ta kalle ni ta ce ga mai gaskiya, ina zan sa kaina?

Na zauna a bakin gado. Na nemo gyararren hoton na farko, mai riga ruwan toka da leɓe sumul. Wannan karon sai da na buɗe na tabbatar. Na tura masa, na rubuta a ƙasa:

"Wannan aka yi domin kai. Wanda ka samu na likita ne. Kuskure ne ya kai maka, har sau uku, sai yau na sani."

Alamar an karanta saƙo ta zama shuɗiya nan take, yana kan tudun bai sauka ba. Ya fara rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya tsaya. Daga falo ina jiyo Gwaggo tana tsara wa Mama kalar labulen da za a canza kafin baƙi su zo.

Minti shida na ƙirga, sannan saƙon ya shigo. Layi ɗaya ne.

"Da ba a yi kuskuren ba, yaushe kika yi niyyar gaya min?"

Wallahi amsoshi masu daɗi sun zo min har guda uku. In ka dawo. Bayan an yi aiki. Ina jiran lokacin da ya dace. Kowacce za ta shige, kowacce kuma gyararriya ce irin ta shagon Yaya. Na rubuta ta farko, na goge. Hawaye ya ɗiga a kan gilashin wayar, na share da gefen mayafi, na rubuta:

"Ban taɓa niyya ba."

Na tura.

Shuɗi biyu. Babu rubutu, babu komai. Mama ta ƙwanƙwasa ƙofa tana cewa, "Auta, fito ki sha shayi, yau ranar farin ciki ce."

Sai wayar ta fara ruri a tafin hannuna. Ciwon Kai.